Nazarin Lamari: Golf GTI Mai Jinkirin Amsa Totur Wadda Kwamfuta Ta Kasa Nuna Laifinta

## Motar da tarihinta

Motar da wannan nazari ya shafa Volkswagen Golf GTI ce ta zubi na biyar, ƙirar 2007, mai giyar hannu shida. Wani ma'aikaci mazaunin Kaduna ne ya saye ta tokumbo shekara biyu kafin matsalar ta taso, kuma kusan kowane mako yana bin hanyar Zariya da ita. Injinta mai lita 2.0 ne, da turbo, yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda, kuma ƙarfinsa doki 200 ne, direba kuwa yana fara jin cikar jansa tun daga juyi 1,800 a minti. Lokacin da alamar farko ta bayyana, motar ta yi tafiyar kilomita 184,000. Aikin ƙarshe da aka yi mata kafin nan shi ne canjin fankar lagireto a watan Janairu, domin mai ita ya so ta shiga bazara da shirinta.

Saɓanin tsofaffin Golf da suka cika tashoshin motocin haya a Arewa, wannan ba ta da kebul da ya haɗa fedar totur da inji. A jikin fedar akwai sensa biyu, G79 da G185, waɗanda ke sanar da kwamfutar inji, ƙirar Bosch MED9.1, iyakar yadda direba ya taka. Kwamfutar ce ke yanke shawarar iskar da za ta shiga, sannan ta umarci wata ƙaramar moto da ke cikin gidan totur ta juya faifan da ke buɗe wa iska hanya. A jikin faifan ma akwai wasu sensa biyu, G187 da G188, masu mayar wa kwamfuta da labarin kusurwar da ya kai. An tsara su ne suna tafiya a saɓe: idan faifai yana buɗewa, wutar da G187 ke aikawa tana hawa, ta G188 tana sauka, jimillarsu kuma tana nan kusa da volt 5 a kowane lokaci. Soket ɗin gidan totur yana da fil shida: biyu na moton, ɗaya mai kawo volt 5, ɗaya na negetif da sensa biyun suke tarayya a kai, sai biyu masu ɗauke da saƙonsu.

## Ƙarshen Fabrairu: yadda alamar ta fara

Abin da mai motar ya fara lura da shi ɗan ƙarami ne. Idan yana giya ta biyu ko ta uku, a juyi tsakanin 2,000 da 3,000, ya taka totur da ƙarfi domin ya wuce tirela, sai motar ta yi shiru na kimanin rabin daƙiƙa kamar ba a taka ba, daga nan ta fizga da dukan ƙarfinta. Wani lokaci kuma sai ta fara ja, ta saki, ta sake kamawa. Babu fitilar gargaɗi da ta kama a dashbod, silo yana nan daidai, tana tashi da bugu ɗaya safe da yamma, kuma shan manta bai canza ba. Da sanyin safiya ba ta yin haka sam. Sai ta yi tafiyar minti ashirin ko talatin, kuma ko a nan ma yakan ɗauki kwana biyu ko uku bai sake gani ba. Idan kuwa ya taka a hankali, tana hawa lafiya har ƙarshen gudunta.

Rabin daƙiƙa ba wani abu ba ne a cikin gari, amma ga wanda ya riga ya fito daga bayan babbar mota a hanyar da wata ke tahowa, jinkirin yana iya zama sanadin rai. Wannan ne ya sa mai motar bai jira fitila ta kama ba.

## Maris: fulogi, kwayil da wankin gidan totur

A gareji na farko an sa mata ƙaramar na'urar karanta laifi irin ta gama-gari, ba a sami lambar laifi ko ɗaya ba. Bakaniken ya ɗana totur a tsaye sau da yawa, injin ya amsa nan take, ya kuma zaga da ita cikin unguwa bai ji komai ba. Ya ɗauki bayanin mai motar a matsayin alamar ɗaukewar wuta a silinda, abin da ba baƙo ba ne ga wannan inji, don haka ya canza fulogi huɗu da kwayil huɗu. Bayan kwana uku matsalar ta dawo yadda take.

A zuwa na biyu zargi ya koma kan mai. An ƙera wannan inji ne domin fetur mai oktan 98, wato ma'aunin ingancin fetur, yana kuma karɓar 95, alhali wanda ake sha a gidajen mai na ƙasar nan bai cika kaiwa haka ba, saboda haka zargin yana da tushe. An canza filtar mai da iyakilina, wadda ƙurar hunturu ta cika, aka kuma umarci mai motar ya sauya gidan da yake shan mai. Ya sha cikon tanki biyu a wani wuri dabam, babu abin da ya sauya.

A ƙarshen watan aka kwance gidan totur aka wanke baƙin maiƙon da ya taru a gefen faifan. Da aka mayar, sai silo ya fara hawa da sauka, saboda kwamfutar tana nan riƙe da matsayin faifan na lokacin da yake da datti. Sai da aka kai motar wurin wani mai VCDS, manhajar da ake shiga kwamfutar motocin Volkswagen da ita, ya sake daidaita faifan da kwamfuta ta rukuni na 060 na manhajar, makulli a kunne, inji a kashe, sannan silo ya kwanta. Abin lura a nan shi ne, bayan wannan aiki jinkirin ya ɓace na kusan mako guda, kafin ya dawo a wata tafiya zuwa Zariya da rana tsaka.

## Afrilu: turbo da famfon mai

Gareji na biyu ya fi na farko sanin wannan inji, kuma ya fara da wuraren da aka san rauninsa. An ɗauki bayanan rukuni na 115 a kan hanya, wanda ke jera matsin iskar da kwamfuta ke nema da wanda turbo ya bayar, sai aka ga na biyun yana ƙasa da na farkon a dukan tsawon takun. Da aka kwance bawul ɗin N249 da ke jikin turbo, wanda ke mayar da iska baya idan direba ya ɗaga ƙafa, sai ga robarsa ta tsage. An sa sabo irin mai fistin, matsin iska ya dawo daidai, motar ta ƙara ƙarfi har mai ita ya ce ya manta tana iya ja haka. Jinkirin kuwa bai tafi ba. Ƙarin ƙarfin ma sai ya sa fizgar da ke biyo bayansa ta fi tsanani.

Daga nan aka duba famfon mai na matsi mai ƙarfi, wanda kamshaf ke turawa ta wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da ke tsakaninsu. Wannan ƙoƙo yana cinyewa, kuma idan ya huje yakan lalata kamshaf da famfon gaba ɗaya. An tarar baƙin rufin fuskarsa ya goge amma bai huje ba, aka canza shi. Awon matsin mai ya nuna kimanin bar 50 a silo da bar 110 a cikakken taku, yana bin abin da kwamfuta ke nema. An kuma duba rukuni na 020, aka ga kwamfuta tana ja da tayimin baya da digiri uku zuwa huɗu da tsakar rana, wanda ya dace da zafi da ingancin mai, amma irin wannan ragi ƙarfi yake ragewa a hankali kuma a kowane taku, ba ya zuwa farat ɗaya ya wuce. An gwada suwic ɗin birki ma, domin kwamfutar tana rage ƙarfin inji idan ta ga alamar birki alhali totur yana take, sai aka same shi yana aiki daidai.

## Farkon Mayu: fitilar EPC da canjin kaya

A makon farko na Mayu, cikin tsananin zafi, fitilar EPC, wadda ke gargaɗi kan tsarin totur na lantarki, ta kama a karon farko, motar ta rage ƙarfi ta ƙi wuce wani iyakantaccen gudu har sai da aka kashe ta aka sake tayarwa. A wannan karo kwamfuta ta ajiye lambobi biyu, P0121 da P0221, waɗanda ke cewa saƙon G187 da na G188 ba su dace da hankali ba, kuma dukansu an rubuta su a matsayin masu zuwa su tafi. An fassara wannan da cewa sensa biyun da ke cikin gidan totur sun gaji, aka nemo wani gidan totur ɗan Beljiyam mai lamba iri ɗaya, aka ɗora, aka daidaita shi. Motar ta yi kwana tara lafiya. A na goma jinkirin ya dawo, bayan kwana biyu fitilar ta sake kamawa da lambobin nan biyu.

An auna wayoyi shidan da mita daga soket zuwa kwamfuta, inji a kashe kuma a sanyaye, kowace ta nuna ƙasa da ohm 1, wato wuta tana bin ta ba tare da cikas ba. An girgiza su da hannu, mitar ba ta motsa ba. Da yake wayoyi sun fita daga zargi bisa wannan awo, sai aka canza fedar totur, wadda ita ma ba ta kawo sauyi ba. Shawarar da ta rage a gaban mai motar ita ce sayen wata kwamfutar inji, aiki mai tsada wanda ke buƙatar a haɗa ta da tsarin makullin motar. Kafin ya amince, sai ya kai ta wurin wani mai aikin wutar mota da ke da osiloskop, na'urar da ke zana yadda wuta ke sauyawa a kan allo cikin ɗan ƙanƙanin lokacin da mita ba ta iya kamawa.

## Tsakiyar Mayu: awo a kan hanya

Mai wutar bai taɓa komai a injin ba a ranar farko. Ya zauna da mai motar ya jera tarihin gyare-gyaren a takarda, kowanne da tsawon kwanakin da motar ta yi lafiya bayansa, kuma a nan ya ga abin da babu wanda ya haɗa a baya: sau biyu kawai aka sami sauƙi, bayan wankin Maris da bayan canjin Mayu, kuma abin da ya haɗa ayyukan biyu shi ne an zare soket ɗin gidan totur an mayar. Fulogi, filta, bawul da feda, waɗanda ba su shafi wannan soket ba, ba su ba da sauƙin da ya wuce kwana uku ba.

Ya fara da ɗaukar bayanan rukuni na 062, wanda ke nuna sensa huɗun a jere. An yi tafiyar kusan awa ɗaya a hanyar Zariya, motar ta yi jinkirin sau biyu, amma layin G79 da na G185 sun hau sumul, na biyun yana bin rabin na farkon yadda ya kamata, abin da ya wanke feda gaba ɗaya. A layin G187 an ga ɗigo ɗaya tak da ya ɗan fita daga hanya. Dalilin ƙarancin shaidar shi ne kwamfutar hannu tana karɓar awo sau uku ko huɗu ne kacal a daƙiƙa, alhali kwamfutar inji tana duba waɗannan sensa sau da yawa ninkin haka, saboda haka abin da ya faru ya wuce a tsakanin awo biyu ba zai bayyana a rubuce ba.

A rana ta biyu ya ɗaura osiloskop. Bai soka komai a soket ɗin da yake zargi ba, domin sokawar kanta tana iya matse fil ɗin da ya saki ta ɓoye laifin. Ya cire murfin da ke ƙarƙashin wayifa, inda kwamfutar wannan mota take zaune, ya kama wayoyin G187 da G188 daga can, ta yadda zai ga ainihin abin da ke isa gare ta. Bayan tafiyar minti arba'in, a giya ta uku, mai motar ya taka da ƙarfi, jinkirin ya zo, allon kuma ya kama shi. A daidai lokacin da faifan ke tsakiyar buɗewa, wutar G187 ta yi tsalle daga volt 1.9 zuwa 2.6, ta G188 kuma, maimakon ta ci gaba da sauka, sai ta hau daga 3.1 zuwa 3.5. Tsallen bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa ba, ya maimaitu sau uku a jere, sannan layukan suka koma tafiyarsu.

Ma'anar wannan zane ita ce zuciyar lamarin. Da sensa ɗaya ce ta lalace, layi ɗaya ne zai karkace. Da faifan ne ya motsa da gaske, ɗaya zai hau ɗaya ya sauka. Hawan biyun lokaci guda, har jimillarsu ta kai 6.1, yana nuna cewa abin da suke tarayya a kai ne ya samu matsala, kuma tunda sama suka yi ba ƙasa ba, wayar negetif ce ke yankewa, ba mai kawo volt 5 ba. Ita kuwa kwamfuta, da ta ga G187 ta ce faifai ya buɗe fiye da yadda aka umarta, sai ta tura moto ya rufe shi. Iska ta ragu, turbo ya rasa hayaƙin da ke juya shi, kuma kafin matsin iska ya sake taruwa rabin daƙiƙa ya wuce. Ba ta ajiye lambar laifi ba a watanni biyun farko saboda ba ta rubuta saɓani sai ya daɗe wani ɗan lokaci, yankewar kuwa gajera ce a lokacin. Sai da ta tsawaita a Mayu fitila ta kama.

Saura a gano abin da ke janyo yankewar a cikakken taku kawai. An buɗe bonet, inji da zafinsa, aka ja birkin hannu, aka sa giya ta ɗaya, aka ɗan saki kuloci. Kan injin ya karkata baya fiye da kima, domin robar injin-sit na ƙasa, mai hana shi rawa gaba da baya, ta tsage. A lokacin ne aka ga reshen wayar da ke zuwa gidan totur ya miƙe tsam. Maimakon ya kasance a maƙale jikin inji yana motsi tare da shi, an ɗaure shi da roba a jikin firam ɗin fankar lagireto, wanda ke manne da gangar mota ba ya motsi, tun aikin Janairu. Duk sanda injin ya karkata, sai wayar ta fizgi soket. Da aka ja ta da hannu ta wannan fuska, da zafi, mita ta tashi daga ƙasa da ohm 1 zuwa sama da 100. Da aka zare soket aka zura fil ɗin gwaji a kowane rami, biyar sun riƙe shi, na negetif kuwa bakinsa ya buɗe har fil ɗin ya zame ya faɗo da kansa.

## Gyaran

An yanke tsohon soket aka sa sabo, da sababbin fil shida masu ruwan zinariya, domin sauran biyar ɗin ma sun sha irin wannan fizga. An haɗa wayoyin da matsi, aka rufe kowace mahaɗa da robar da ke tsukewa da zafi, ba a murɗa su an naɗe da salatif ba, saboda wutar da ke bin waɗannan wayoyi ƙarama ce ƙwarai kuma ɗan tsatsa ya isa ya gurɓata ta. An kwance ɗaurin da ke jikin fanka, aka mayar da reshen kan hanyarsa ta jikin inji da ɗan sassauci, aka kuma canza injin-sit na ƙasa. Mai wutar ya nemi a mayar da gidan totur na asali da fedar asali, waɗanda mai motar ya ajiye a but, sannan aka sake daidaitawa ta rukuni na 060, aka goge lambobin laifi. An maimaita tafiyar gwajin a hanya ɗaya, da rana tsaka, osiloskop a ɗaure: cikakken taku ashirin a giya ta biyu da ta uku, jimillar layukan biyu ba ta bar kusa da volt 5 ba.

## Bayan wata shida, da hukunci a kan matakan

Zuwa Nuwamba motar ta ƙara kilomita 11,000, ta ratsa damina, jinkirin bai dawo ba, kuma da aka sake karanta kwamfuta babu lambar da ta ajiye. Kasancewar tana aiki da gidan totur da feda na asali ya tabbatar da cewa babu ɗayansu da ya taɓa lalacewa.

Ba dukan aikin da ya gabata ne ya tafi a banza ba. Bawul ɗin turbo ya tsage da gaske, ƙoƙon famfon mai kuma ya kusa hujewa, kuma gareji na biyu ya cancanci yabo da ya kama su ta hanyar awo. Kuskurensa shi ne bai tsaya ya tambayi ko laifin da ya gano zai iya haifar da alama mai zuwa ta tafi ba, alhali tsagaggen bawul yana zubar da iska ne a kowane taku. Kwayil huɗu, gidan totur da feda kuwa an saye su ne ba tare da awon da ya nuna su ba. Lambobin P0121 da P0221 ba su ce sensa sun mutu ba, sun ce saƙon da ya iso ba daidai yake ba, kuma zuwansu tare, har ma bayan an canza gidan totur, ya isa ya mayar da hankali kan wayar da suke tarayya a kai. Awon ohm da ya wanke wayoyin shi ne ya fi kowane mataki ɓatar da sawu, domin an yi shi a yanayin da laifin ba ya faruwa: inji a sanyaye, ƙarfen fil ɗin bai sassauta da zafi ba, kuma babu nauyin da zai karkata injin ya ja wayar. Haka ma ɗana totur a tsaye, wanda ba ya ɗora wa inji kaya.

A ganina aikin da ya fi tasiri shi ne zaman da mai wutar ya yi da takarda kafin ya ɗauko kowace na'ura, domin shi ya nuna masa inda zai ɗora osiloskop ɗin. Tambayar abin da aka taɓa a motar gab da fara matsalar kuwa ta kamata a yi ta tun Fabrairu, kuma da an yi, da ɗaurin da ke jikin fanka ya bayyana ga duk wanda ya leƙa gaban injin da tocila. An shawarci mai motar ya riƙa duba ƙoƙon famfon mai duk bayan canjin baƙin mai na biyu, ya kuma sa a duba injin-sit biyu na gefe, waɗanda suka ɗauki ƙarin nauyi a watannin da na ƙasa yake tsage.